Noman da Ba a Sa Ni Ba a Gonar Inabi

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ina kishingiɗe a ɗakinmu na unguwar Bin Omran a Doha ina jiran shinkafa ta tsotse, sai Awudu ya zuro hannu daga gadon sama ya miƙo mini wayarsa. Awudu ɗan zangon Kumasi ne, kamfanin gadi ɗaya muke yi wa aiki, kuma Allah ya jarrabe ni da shi. Duk abin da ya gani a waya sai na gani, ko barci nake yi.

"Baba Sule, duba Nasara," ya ce yana dariya. "Sun kunna ma giya fitila. Gona guda, wuta ko'ina kaman ana biki. Mutanen nan ba su da aikin yi, wallahi."

Na karɓa don ya ƙyale ni. Gonar inabi ce a gefen wani tudu a ƙasar Turai, layi-layi har iyakar ganin ido, an jera gwangwanaye a tsakanin layukan, kowanne da harshen wuta. Mutane cikin manyan riguna suna kai da kawowa da sauri. Awudu wutar yake kallo, ni kuwa sama na duba. Babu gajimare ko ɗis. Hayaƙin ma bai karkata ko'ina ba, ya kwanta a kan gonar ya yi lamo. Nan take gabana ya faɗi, ni da nake zaune a Doha cikin watan huɗu, zafi ya fara buɗe ido, esi mai sanyaya ɗaki yana ta gurnani a kanmu.

"Ba biki suke yi ba," na ce masa. "Sanyi ne zai kashe musu gona kafin rana ta fito. Abin da za su yi da inabin, wannan tsakaninsu da Allah. Amma tsoron da ke jikinsu na san shi."

"Sanyi ya kashe gona? Khalas, shi ke nan, Baba, kai ma ka fara." Ya karɓe wayarsa ya wuce zuwa wani abin. Shinkafar da ban ci da daɗi ba ke nan.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, ina saurayi mai jin ƙarfi, na bar ƙauyenmu a ƙasar Kano na keta sahara. Ƙafa ta kai ni duwatsun gabashin Libiya, ba ni da takarda ko ta naɗe ƙosai. A bakin wata hanya inda 'yan ƙwadago ke tsugunawa su jira mai ɗauka, wani dogon mutum siriri ya ji ina yi wa sanyi Allah-ya-isa da Hausa, ya tsaya a kaina.

"Kai Bakano ne, daga jin bakinka. Ka iya noma, ko sai ciniki?"

Na ce masa da fartanya aka yanke mini cibiya.

Sunansa Idi, mutumin Damagaram, ya ba ni kusan shekara goma sha biyar. Shekararsa uku yana aiki a gonar inabin wani tsoho, Haji Miftahu, kuma shi yana da takardar zama. Ya tafi da ni, ya tsaya mini a gaban tsohon, ya matsa mini gefen katifarsa a ɗakin da ke bakin gona. Tun daga ranar bai taɓa kiran sunana ba sai Bakano. Ni kuma Yaya nake ce masa idan ina neman wani abu, Badamagare idan na ƙoshi.

Gonar kashi biyu ce, tudu da kwari. Inabin ci ne, abin da ya saura a shanya shi ya zama zabibi. Kwarin shi ne idon gonar. Mahaifin Haji ne ya dasa shi, kuma da shi gidan ke cin shekara. Haji gajeren tsoho ne mai yawan tari, ba shi da hayaniya. Ɗansa Salim, wanda ke aiki a birnin bakin teku, shi ne bai so a ɗauke ni ba. A gabana ya ce wa uban, mutum marar takarda masifa ne, ranar da na yi laifi ɗaya shi da kansa zai miƙa ni ga 'yan sanda. Larabcina bai nuna ba a lokacin, amma wannan na gane ta sarai. Duk wanda ya bi ta sahara ya san labarin ɗakunan da ake tara irinmu, ka shiga da ƙafarka, a manta da kai.

Da tsakiyar sanyi na zo, lokacin inabi yana barci. Itatuwan tsirara, baƙaƙe, a ɗaure jikin wayar ƙarfe, wanda bai sani ba zai rantse sun mutu. Kullum da asuba Idi ya hura gawayi ya ɗora shayi, mu yi alwala yatsu suna ƙin lanƙwasuwa, Hajja matar Haji ta aiko da burodi da man zaitun, mu ɗauki almakashi mu fita datsa. Tudu muka fara datsewa, kwari sai can ƙarshe, don Haji ya ce inabin da aka makara datse shi yana makara farkawa, kuma gara kwari ya makara. Rassan da muka datse ba a kai su murhu. Ɗaure su muke yi dami-dami mu ajiye a bakin kowane layi, kusa da rabin duro, da tsofaffin tayoyi, da buhunan busasshiyar ciyawar sha'ir. Wata rana na tambayi Idi wannan tarkace na mene ne.

"Na raɓa ne," ya ce. "Raɓar nan ba irin taku ba ce, daskarewa take yi ta zama ƙanƙara. Yanzu ma tana sauka, amma ba ta yi wa itace mai barci komai. Wadda ake tsoro ita ce ta ƙarshen sanyi, bayan toho ya fito. Asuba ɗaya ta isa ta cinye shekara. Ranar da za ta zo, wuta muke kunnawa a tsakanin layuka har rana ta ɗaga."

"Yaya ake sanin ranar?"

Haji, wanda ke tsugune kusa da mu yana ɗaure reshe, ya sa Idi ya fassara masa tambayata. Ya nuna sama da almakashi ya yi magana a hankali, yadda zan gane. Kada ka ji tsoron iska, ya ce, kada ka ji tsoron hadari. Ka ji tsoron shiru.

Na daɗe ina juya maganar nan. A gida, manomi yana kwana da fargaba idan gabas ta haɗe iska ta taso, don gero zai kwanta. Daren da taurari suka fito garau kuwa, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a yi hira. A can abin a juye yake. Gajimare murfi ne da ke riƙe ɗumin ƙasa, iska kuma tana motsa sanyi ta hana shi zama wuri ɗaya. Idan iska ta ɗauke, sama ta wanke, sai sanyi ya gangaro daga duwatsu kamar ruwa ya taru a kwari. Duk wannan an gaya mini, na kuma riƙe. Abu ɗaya ne ba a gaya mini ba, don ba wanda ya zaci sai an faɗa.

Wajen ƙarshen watan uku toho ya fito, kore shar, da laushi ƙwarai. Haji ya kama hannuna ya buɗe mini ɗaya, ya nuna mini wani ɗan curi a ciki wanda bai fi kan ashana ba. Ya ce inabin bana duk yana cikin nan. A satin ne kuma fitsari ya ɗaure masa, ya kwana yana nishi. Salim ya zo da mota ya ɗauke shi zuwa asibiti a birni, da Hajja, da Idi wanda zai riƙa tallafa shi. Kafin a rufe ƙofar motar tsohon ya yafuto ni. "Amana, ya Sulaiman," ya ce. Na dafa ƙirji na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Daren da suka tafi aka yi ruwa. Da rana ta fito na sauka kwari, na tarar ƙasa ta sha ta daɓe, 'yan ciyayi sun fara leƙowa. To, ni ɗan manomi ne. A garinmu, ruwa ya sauka, ƙasa ta daɓe, ciyawa ta fito, a wuce ta gonarka a ga ba ka sa fartanya ba, sai a fara tambaya ko lafiya kake. In lafiya kake, a laƙa maka suna. Tun zuwana nake kallon wannan ƙasa mai tauri ina cewa a raina Larabawa sun iya datsa amma ba su iya noma ba, Badamagaren kuma lalaci ya koya a wurinsu. In kuma zan faɗi gaskiya, maganar Salim tana cina. So na yi ya dawo ya ga aikin marar takarda.

A ɗakin kayan aiki na sami wata fartanya mai doguwar ƙota irin tasu. Na sare ƙotar ta dawo daidai ta gida, na wasa bakin, na duƙa. Kwana biyu da rabi ina noma, daga fitowar rana har faɗuwarta. Na fasa ƙasar, na juya ta, na tara wa kowane gindi, ta tashi ta yi laushi kamar garin tuwo, tana ƙamshin da rabona da shi tun gida. Har waƙa nake yi. Saura layi uku na jikin katangar dutse, sai ga Idi ya dawo shi kaɗai a motar kayan miya, da la'asar.

Ya tsaya a bakin kwarin da jaka a hannu. Na miƙe ina share gumi, ina jiran ya ce sannu. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba.

"Wa ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni, Yaya. Gani na yi ƙasar ta yi tauri."

Ya ajiye jakar ya gangaro. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya kama hannuna ya tura cikin ƙasar da na nome, sannan ya ja ni ya ɗora tafina a kan layin da ban taɓa ba. Wadda na nome sanyi gare ta. Mai taurin kuwa da ɗuminta, kamar bayan akuya.

"Ka ji?" ya ce. "Ƙasa mai tauri tana shan rana ta ɓoye, da dare ta riƙa sako ɗumin kaɗan-kaɗan, shi ke tsare toho. Wadda aka tayar iska ce a cikinta, ba ta riƙe komai. Haji ba ya barin ƙarfe ya taɓa wurin nan sai watan biyar ya tsaya. Bakano, ka yaye wa kwarin bargo." Sannan ya ce, "Laifina ne. Ban gaya maka ba. Ban san akwai mai noma ba a sa shi ba."

Garin neman gira na kama hanyar rasa ido. Na tambaye shi ko akwai gyara, ya ce sai dai a gwada, in Allah ya sa raɓar ba ta zo bana ba, shi ke nan.

Muka shiga gwadawa. Muka bi layukan muna tattaka ƙasar da ƙafa. Muka cika duro da duwatsu muna mirgina shi sama da ƙasa har kafaɗuna suka sage. Muka riƙa jido ruwa daga tankin tara ruwan sama muna yayyafawa, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi riƙe ɗumi, amma tankin na gida ne, bai isa ko rubu'in kwarin ba. Aikin da na yi cikin kwana biyu da rabi ina waƙa, mutum biyu suka kasa warware shi. Ga kuma iskar arewa ta taso, mai yankan kunne, tana busar da abin da muka jiƙa tun kafin mu kai ƙarshen layi. Da Hajja ba ta nan, burodi ya yanke. Taliya muke dafawa da tumatirin gwangwani sau ɗaya a yini, da ta ƙare muka koma jiƙa busasshen burodi a shayi. Yunwar ba ta dame ni ba kamar iskar. Kwana uku tana kaɗawa, ni kuma ina roƙon Allah kada ta tsaya. Ko rufin kwano ya ɗan lafa da ƙara, sai na farka a firgice na kasa kunne.

A rana ta huɗu, bayan la'asar, ta tsaya. Ina ɗauke da bokiti biyu na ji kamar an toshe mini kunne. Ganye ba ya motsi. Na ji haushin kare daga ƙauyen da ke bayan dutse, abin da ban taɓa ji ba tun zuwana. Gajimaren da ya rage ya janye yamma, sama ta wanke tas. Na juya na ga Idi shi ma ya tsaya, ya ɗaga kai, leɓensa yana motsi.

"Yau ne," ya ce. "Ajiye bokitin."

Kafin magariba mun ja dami-damin rassan nan zuwa tsakiyar layuka, mun rarraba tayoyin da rabin duro, mun zuba baƙin mai a kan tsummokara, mun jiƙa ciyawar sha'ir don ta ba da hayaƙi. Kashi biyu cikin uku na itacen muka kai kwari. Idi ya tsoma wani tsumma a ruwa ya rataye shi jikin waya a can ƙasan kwarin, daidai tsayin toho. Haka Haji ke yi. Ba a kunna wuta da wuri, don itacen ba zai kai safiya ba, kuma sanyin da ke kisa na dab da fitowar rana ne. Sai tsumman ya sandare ake kunnawa.

Ba mu kwanta ba. Bi da bi muke gangarawa mu taɓa tsumman. Duk wanda ya dawo, ɗayan ba ya tambaya, fuska kawai yake kallo. Ban taɓa ƙin taurari ba sai ranar. Dab da kiran assalatu na sauka, na ji sanyi ya kama mini idon sawu kamar na shiga rafi. Na miƙa hannu, tsumman ya sandare kamar kilishi. Na kira Idi, muryata ta fito ba tawa ba.

Ya ɗauki sanda mai wuta a kai yana bin layuka da gudu yana cinnawa, ni ina binsa ina ɗora jiƙaƙƙiyar ciyawa. Hayaƙi ya tashi ya kwanta a kanmu, na tayoyi da na baƙin mai, yana cin ido, yana shaƙe maƙogwaro. Gumi ya jiƙa mini riga, rigar kuma ta yi sanyi ta manne a baya. Yatsun ƙafa na daina jin su. Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne ƙanƙantar wutar. Ka tsaya kusa da ita ka ji ɗumi, ka yi taku huɗu ka koma cikin rafin sanyin nan. Da a ce ƙasa tana sako nata ɗumin daga ƙasa, da wuta ta cike gurbin. Amma wutar ita kaɗai take faɗa. Muka yi salla ɗaya bayan ɗaya, ruwan buta ya yi ɓawon ƙanƙara a sama.

Da gabas ta fara ja, Idi ya duƙa ya haska ƙasa. Ɓurɓushin da na tayar duk ya yi fari. Farin ya hau gindin itatuwan, ya kama ganyen ƙasa.

"Kwashe sauran damin, mu hau tudu."

"Yaya, kwarin fa?"

"Kwari ya tafi. Kada mu rasa biyu."

Na ƙi. Na durƙusa gaban wani gindi na rufe toho ɗaya da tafukana ina hura masa numfashi, ina kuka, ƙato da ni. Idi ya cafki wuyan rigata ya miƙar da ni. Muka riƙa hawa da dami a ka, muna tuntuɓe, muka ƙara wa wutar tudu har rana ta ɗaga sosai.

Da muka leƙa kwari da hantsi, sai na ji ɗan sanyi a raina, don tohon yana nan tsaye, kore, yana ƙyalli. Na ce wa Idi ko mun tsira. Kafin azahar suka langaɓe. Kafin la'asar suka yi baƙi, suka rataye jikin waya kamar ganyen da aka zuba wa tafasasshen ruwa, wurin duk yana warin dafaffiyar ciyawa. Tudu ya tsira, in ban da 'yan layukan gefe. A kwari kuwa layi uku ne suka rage da rai, na jikin katanga, waɗanda fartanyata ba ta kai gare su ba. Sun ƙone nan da can, amma korensu ana hango shi daga bakin hanya. Ko makaho ya shafa ya san abin da ya faru.

Tsoro yana sa mutum ya faɗi abin da bai san yana cikinsa ba. Na ce wa Idi, me zai hana in nome layi ukun nan, mu tsinke tohon, a ce raɓa ce ta cinye duka. Ya dube ni.

"Ka kashe da rashin sani," ya ce. "Yanzu kuma da sani za ka kashe?"

Kwana biyu muka yi muna jiran Salim. Duk ƙarar motar da ta taso daga gangare sai na leƙa hanya. Na ɗaure kayana a leda na ɓoye bayan tanki, sau biyu ina kama hanyar dutse cikin tunani, amma ban san inda za ni ba, kuma ko'ina akwai shinge a hanya. Abinci ya ƙi shiga. Idi kuwa ya ci gaba da aikinsa, yana ɗaure rassan tudu kamar ba abin da ya faru.

Salim ya iso da safe, idonsa ja don rashin barcin jinya. Ya sauka kwari. Ya bi layi ɗaya har ƙarshe, ya dawo ta wani. Ya tsaya a jikin katanga ya dubi layi ukun nan, ya dubi sauran, ya sa takalmi ya ture ƙasar da aka tayar. Ya hawo inda muke tsaye.

"Wa ya nome nan?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni ne," in ji Idi.

Salim ya dube shi, ya dube ni. Ya nuna ni ya ce da wannan ne ya yi, da yau a hannun 'yan sanda zai kwana. Ya ce wa Idi, shekara uku ubana yana ba ka abinci da hannunsa, yana kwance ana yi masa tiyata ka kashe masa gonar ubansa. Bai ɗaga murya ba, muryar ce ma ta karye. Ya ce Idi ya tattara kayansa, kada rana ta faɗi yana nan.

A ɗaki na tare shi yana cusa riguna a jaka. Na ce, "Yaya, bari in je in faɗa."

"Ka faɗa a kai ka ina? Ni ina da takarda, duk inda na tsaya zan sami aiki." Ya zuge jakar. "Ka ji, kwarin zai sake toho na biyu. Ba zai yi 'ya'ya da yawa ba, amma kada ka cire shi, shi ne itacen baɗi. Tudu kuma ka rage masa ganye idan zafi ya shigo. Ka iya, ai da fartanya aka yanke maka cibiya."

Ya yi 'yar dariya, ni na kasa. Na ce zan raka shi bakin hanya, ya ce in zauna, kada Salim ya ga kamar bakinmu ɗaya. Na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallonsa yana gangarawa da jaka a kafaɗa. Ban bi shi ba, ban kuma je wurin Salim ba. Abin kunyar shi ne, a ƙarƙashin baƙin cikin da nake ji, akwai wani ɗan sauƙi da ya sauko mini, na wanda mota ta kauce wa.

Yanzu aikina tsayuwa ne a ƙofar wani gini a unguwar Mesaimeer. Takarda ina da ita har da hoto, sanyi kuwa sai wanda aka kunna da maɓalli. Ba abin da ke mutuwa a hannuna idan na yi kuskure, iyaka shugaban aiki ya yi mini tsawa. Duk Badamagaren da na haɗu da shi wurin cin abinci a unguwar da ake kira Matar Ƙadim sai na tambaye shi ko ya san wani Idi, dogo siriri, wanda ya yi aikin inabi a Libiya. Su Idi suna da yawa a Damagaram, haka suke ce mini.

Wata biyu bayan tafiyar Idi, Haji ya dawo gida, ya rame, yana dogara sanda. Ba ya sauka kwari, daga bakin tudu yake tsayawa ya duba. Na riƙe gonar ni kaɗai yadda Idi ya ce, na rage ganye, na yi ban ruwa, na kori tsuntsaye. Da inabin tudu ya nuna a ƙarshen zafi, wata safiya tsohon ya ce in kama shi mu shiga. Ya zaɓi nonon inabi mafi girma, ya yanke da hannunsa, ya sa mini a tafi. Ya ce al'adar gidansu ce, na fari na wanda ya tsare gona ne. Ya ce ni na riƙe masa amana.

Mu biyu ne kaɗai a wurin. Salim yana birni, babu mota, babu ɗan sanda, kuma a lokacin Larabcina ya isa in faɗi duk abin da nake so. Haji ya jingina da sandarsa yana kallon kwari.

"Ba gonar ce ke ci mini rai ba," ya ce. "Itace yana sake toho. Da kai ne ka yi, ya Sulaiman, da na ce baƙo ne, bai sani ba, da ko faɗa ban yi maka ba. Amma Idris ya sani. Kamar ɗa na ɗauke shi. Kullum ina tambayar kaina, me na yi masa?"

Ya juyo yana dubana, idonsa ya kawo ruwa, kamar mai jiran in taimake shi da amsa. Inabin yana hannuna, da sanyin safiya a jikinsa. Na buɗe baki.

"Allah ya kyauta, Haji," na ce.